Bunƙasar birnin Madison: aikin jami'a ne kaɗai ko akwai wani dalili?

Auwalu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san jihar Wisconsin ta Amurka ce, ko waɗanda suka yi nazarin tattalin arzikin biranenta. Ƙidayar jama'a ta nuna cewa birnin Madison yana da mutum 233,209 a 2010, zuwa 2020 kuma adadin ya kai 269,840, wato ƙarin kusan kashi 16 cikin 100 a shekara goma. Milwaukee kuwa, wanda shi ne birni mafi girma a jihar, kuma tafiyar da ke tsakaninsu a mota ba ta kai awa biyu ba, jama'arsa raguwa suka yi daga 741,324 a 1960 zuwa 577,222 a 2020. Jiha ɗaya ce, sanyin hunturu ɗaya ne, dokokin harajin jiha ma ɗaya ne, amma wannan yana cika wancan yana raguwa.

Duk wanda aka tambaya sai ya ce ai Madison garin jami'a ne, shi ke nan. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin Amurka cike take da garuruwa masu manyan jami'o'i waɗanda sana'arsu ba ta wuce sayar wa ɗalibai abinci da ba su hayar ɗaki ba, da zarar an tafi dogon hutu sai gari ya yi tsit. Abin da nake son sani shi ne ta wace hanya binciken da ake yi a jami'a yake komawa aikin yi da albashi a cikin gari. Sannan rayuwar al'adun da ake yabon birnin da ita, irin su kasuwar manoma da kaɗe-kaɗe da wasanni, ita ce ta jawo arzikin, ko kuwa arzikin ne ya haife ta?

Malam Habibu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Gaskiyarka, kasancewar jami'a a gari ba ta wadatar ba. A ganina abin da ya bambanta Madison shi ne tun shekara ɗari da suka wuce aka samar da hanyar da kuɗin ƙirƙira zai riƙa komawa cikin jami'ar maimakon ya tafi da mai ƙirƙirar ko kamfanin da ya saya.

An kafa Jami'ar Wisconsin a 1848, shekarar da yankin ya zama jiha, kuma daga baya noma da kiwo suka shiga cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinta. A 1890 wani malaminta, Stephen Babcock, ya fito da hanya mai sauƙi ta auna yawan maiƙon da ke cikin madara, abin da ya sa aka fara biyan makiyayi gwargwadon ingancin madararsa, masu tsarma ta da ruwa kuma asirinsu ya tonu. Babcock bai yi rajistar haƙƙin mallakar wannan ƙirƙira ba, ya bar ta kyauta. Jihar ta amfana ƙwarai, har ta zama cibiyar madara da cuku a Amurka, amma jami'ar ba ta samu ko kwabo ba. A farkon ƙarni na 20 shugaban jami'ar, Charles Van Hise, ya mayar da wannan ɗabi'a manufa, cewa amfanin jami'a dole ya isa kowane gida a jihar.

Canjin ya zo ne ta hannun wani malamin jami'ar, Harry Steenbock. A 1923 ya gano cewa idan aka haska abinci da hasken altrabayolet, sinadarin bitamin D na ƙaruwa a cikinsa, wanda shi ne maganin ciwon laushin ƙashi da ke lanƙwasa ƙafafun yara. Kamfanin Quaker Oats ya yi masa tayin dala miliyan ɗaya don ya mallaki fasahar. Steenbock ya ƙi sayarwa, maimakon haka a 1925 aka kafa wata gidauniya mai zaman kanta da ake kira WARF, wadda tsofaffin ɗalibai tara suka assasa da dala 100 kowannensu. Aikinta shi ne ta riƙe haƙƙin mallakar abin da malaman jami'ar suka ƙirƙira, ta ba kamfanoni lasisin amfani da shi, ta ba mai ƙirƙirar kasonsa, sauran kuma ta juya shi a kasuwar hannun jari tana ba jami'ar tallafin bincike kowace shekara. A 'yan shekarun nan wannan tallafi ya haura dala miliyan 100 a shekara.

Labarin da ya fi nuna yadda abin yake aiki shi ne na maganin warfarin. A hunturun 1933 wani manomi ya zo Madison da matacciyar saniya da bokitin jinin da ya ƙi daskarewa da tarin harawar da ta yi fumfuna, domin shanunsa suna ta zubar da jini suna mutuwa. Ya faɗa ɗakin gwaje-gwajen Karl Paul Link, shi kuma da ɗalibansa suka shafe shekaru kafin su ware sinadarin da ke hana jinin daskarewa. Daga nan aka samar da warfarin, aka fara sayar da shi a matsayin gubar ɓera a 1948, a 1954 aka amince a ba mutane shi don hana jini curewa a jijiya, a 1955 kuma aka ba Shugaba Eisenhower bayan ya samu bugun zuciya. Kuɗin lasisinsa duk WARF suka koma. Haka aka yi a 1998 lokacin da James Thomson ya zama na farko da ya raino ƙwayoyin halitta na asali daga ɗan tayin ɗan'adam a ɗakin gwaji.

Sai a 1980 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin tarayya. A lokacin da wasu jami'o'in suke fara koyon wannan sana'a, Madison ta riga su da shekara 55. A 1984 jami'ar ta ware fili a yammacin gari ta mayar da shi unguwar kamfanonin bincike, domin malamin da ya kafa kamfani ya samu wurin aiki ba tare da ya bar garin ba. Yanzu abin da jami'ar ke kashewa a bincike ya wuce dala biliyan ɗaya da rabi a shekara, kusan rabinsa daga gwamnatin tarayya, kuma babban ɓangarensa albashi ne da ake kashewa a gundumar Dane, wadda Madison ke cikinta.

Injiniya Tukur ya amsa:

Bayanin Malam Habibu daidai ne ta fuskar tarihi, amma ina ganin ya ba gidauniyar nan nauyin da ya fi nata. Kamfanin da ya fi kowane canza fuskar yankin a shekara ashirin da suka wuce bai fito daga lasisin WARF ba.

Ina nufin Epic, mai haɗa manhajar adana bayanan marasa lafiya da manyan asibitocin Amurka da dama ke amfani da ita. Judy Faulkner ce ta kafa shi a 1979 a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Madison, bayan ta yi digiri na biyu a ilimin kwamfuta a jami'ar. Ba ta taɓa kai kamfanin kasuwar hannun jari ba, kuma wannan ya taimaka wajen zamansa a inda yake, domin babu masu hannun jari daga New York ko Kalifoniya da za su ce a kwashe shi. A 2005 ya fara ƙaura zuwa Verona, wani ƙaramin gari a gefen Madison, yanzu ma'aikatansa sun haura 10,000. Mafi yawansu matasa ne da ake ɗaukowa daga jami'o'i a faɗin ƙasar, kuma da yawa ba sa daɗewa a kamfanin. Wasu daga cikin masu barin aikin ba sa barin garin, sai su shiga wani kamfanin ko su buɗe nasu. Saboda haka abin da jami'ar ta ba Epic mutum ne da ilimi, ba takardar lasisi ba. Haka Promega, mai samar da kayan gwaje-gwajen kimiyyar halittu, wanda aka kafa a 1978. Shi kuwa Exact Sciences daga jihar Massachusetts ya taso ya dawo Madison a 2009, kafin na'urarsa ta gwajin sankarar hanji ta samu amincewar hukuma a 2014. Ma'aikata ƙwararru da asibitin koyarwa ya biyo.

Abu na biyu da ba a faɗa ba shi ne Madison hedikwatar jiha ce. Gwamna da majalisa da kotun ƙoli da ma'aikatu duk a nan suke, ga kuma manyan kamfanonin inshora irin su American Family. Albashin gwamnati da na jami'a da na asibiti ba ya tsayawa cak idan tattalin arziki ya karye, kuma wannan ne ya sa garin ya tsallake lokutan da suka durƙusar da maƙwabtansa. A Janesville, kudu da Madison kaɗan, da kamfanin General Motors ya daina haɗa manyan motoci a ƙarshen 2008, garin ya daɗe bai farfaɗo ba, domin babu wani abin dogaro mai girman masana'antar. Madison ma ta rasa tata masana'antar. Kamfanin sarrafa nama na Oscar Mayer yana aiki a arewa maso gabashin birnin tun 1919, a zamanin ganiyarsa yana da ma'aikata kusan 4,000, amma a 2015 aka sanar da rufe shi, a 2017 aka kashe injin na ƙarshe. Alƙaluman rashin aikin yi na gundumar ba su wani girgiza ba. Sai dai wanda ya shekara ashirin yana yanka nama ba shi ne Epic ke ɗauka ba, kuma alƙaluman gunduma ba sa nuna wannan.

To Malam Auwalu, idan za ka kwatanta Madison da wasu birane, ka kwatanta ta da Austin a Texas ko Columbus a Ohio, inda babbar jami'ar jiha da fadar gwamnati suka haɗu a gari ɗaya. Kwatanta ta da garin da jami'a kaɗai gare shi ba zai ba ka amsa ba.

Hajiya Rabi'atu ta amsa:

Na zauna a Madison lokacin karatu, saboda haka zan tsaya a kan tambaya ta biyu.

Sai an fahimci shimfiɗar garin kafin a fahimci al'adunsa. Tsakiyar birnin tana kan wani siririn zirin ƙasa ne tsakanin tafkuna biyu, Mendota a arewa da Monona a kudu, ƙasar da asalinta ta al'ummar Ho-Chunk ce kafin a kore su. Ginin majalisar jiha mai farar ƙubba yana kan tudu a tsakiya, jami'a tana yamma a bakin Mendota, titi guda mai suna State Street, wanda bai kai mil ɗaya ba, shi ya haɗa su. Ba a barin motocin jama'a su bi mafi yawansa, sai bas da keke da masu tafiya a ƙasa. Ɗan majalisa da farfesa da ɗalibi da mai gadi duk a wannan titi suke cin abincin rana.

Kasuwar manoma ta gundumar Dane, wadda aka fara a 1972, tana ci duk safiyar Asabar daga Afrilu zuwa Nuwamba, rumfuna sun kewaye ginin majalisa ta kusurwa huɗu. Dokarta ita ce ba ka sayar da abin da ba kai ka noma ko ka sarrafa ba, kuma a cikin jihar, saboda haka babu 'yan sari. Za ka ga dattijo mai kiwon shanu yana miƙa wa yara ɗanɗanon sabon cuku a kan tsinke, kusa da shi wata mata 'yar ƙabilar Hmong, daga cikin waɗanda suka zo daga Laos bayan yaƙin Biyetnam, ta jera ɗaurin alayyahu da albasa da furanni. Jama'a kuma duk hanya ɗaya suke zagayawa, saɓanin tafiyar hannun agogo, wanda ya juya baya sai ya yi ta karo da mutane. Da yamma a lokacin zafi kuwa kowa bakin tafki yake nufa, a farfajiyar ginin ƙungiyar ɗalibai, inda ake zama a kan kujerun ƙarfe masu launin kore da rawaya da ruwan lemo, makaɗa na wasa kyauta. Dole in faɗa cewa giya tana da babban matsayi a wannan zama, kamar yadda take da shi a jihar baki ɗaya, ko da yake wanda ba ya sha yana da ayis kirim ɗin da sashen nazarin madara na jami'ar ke yi, kuma akwai masallaci kusa da harabar jami'ar. Ranar da ƙungiyar jami'a ke buga ƙwallon Amurka a filin Camp Randall, mutum sama da 75,000 ne ke cika shi sanye da ja, otal-otal da gidajen abinci kuma a irin waɗannan ranaku suke samun babban kaso na cinikin kaka.

Game da wanne ya riga wanne, ni abin da na gani kashi biyu ne. Manyan gine-ginen al'adu arziki ne ya kawo su. Cibiyar wasanni da kaɗe-kaɗe ta Overture, wadda aka buɗe a 2004, kyautar dala miliyan 205 ce daga attajiri guda, Jerome Frautschi, kuma asusun da aka ware don riƙe ta ya karye a rikicin kuɗi na 2008, sai da aka sake tsarin gudanar da ita. Zauren taro na Monona Terrace, wanda shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya fara zanawa a 1938, gardama ta hana a gina shi har sai 1997, shekara 38 bayan rasuwarsa. Amma kasuwa da bakin tafki da titin nan sun riga kamfanonin fasaha, kuma ba su da tsada. Su ne ke sa matashin da ya gama digiri, wanda Chicago ke kiransa da albashi mafi tsoka, ya ce bari ya ƙara shekara biyu, daga nan ya yi aure ya sayi gida. Kamfanoni sun san haka, shi ya sa idan sun gayyato wanda suke son ɗauka aiki suke so ya ga tsakiyar gari kafin ya koma.

Siyasa ma wani ɓangare ne na al'adun garin. An yi ƙazamar zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam a jami'ar a 1967, a 1970 kuma wasu suka tayar da bam a ginin Sterling Hall, wani mai bincike ya rasu. A 2011 dubun dubatar mutane suka mamaye ginin majalisa na makonni don adawa da dokar Gwamna Scott Walker da ta rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadagon ma'aikatan gwamnati. Ga masu sha'awar harshe kuma, a jami'ar ne aka buɗe sashen harsuna da adabin Afirka a 1964, inda Neil Skinner ya daɗe yana koyar da Hausa.

Auwalu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Injiniya a kan ma'aikatan Oscar Mayer ta tsaya mini a rai. Idan garin yana cika da masu babban albashi, kuma tsakiyarsa tana matse tsakanin tafkuna biyu, ina masu ƙaramin ƙarfi suke zama? Kuma shin wannan bunƙasa tana da ginshiƙin da zai ɗore?

Injiniya Tukur ya sake amsawa:

Nan ne gizo ke saƙar, Malam Auwalu. Zirin ƙasar da Hajiya ta bayyana ba ya faɗaɗa, sannan akwai dokar jiha da ta hana duk wani gini da ke cikin mil ɗaya daga majalisa ya wuce gindin ginshiƙan da ke ɗauke da ƙubbar, don kada a tare wa jama'a ganinta. Ba a iya faɗaɗawa gefe, ba a iya hawa sama sosai, ga ɗalibai kimanin 50,000 da dubban sababbin ma'aikata suna neman ɗaki a wuri ɗaya. Kuɗin haya ya yi ta hawa, har ɗalibai kan sa hannu a takardar hayar shekara mai zuwa tun watanni kaɗan da shiga ta bana. Yawancin yarjejeniyoyin hayar unguwannin ɗalibai suna ƙarewa ranar 14 ga Agusta, sababbi su fara ranar 15, shi ya sa a daren nan za ka ga katifu da kujeru jibge a bakin titi, wasu na kwana a mota da kayansu. Masu aikin gidan abinci da sharar asibiti kuwa sun koma gefen gari ko garuruwan kewaye, kuma saboda su ne, a wani ɓangare, birnin ya buɗe layin bas mai sauri a 2024.

Bambancin launin fata ya fi wannan muni. Rahoton Race to Equity na 2013 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na yaran baƙar fata a gundumar Dane suna cikin talauci, alhali na fararen fata bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Wannan ya kunyata garin da ke alfahari da ra'ayin sassauci, wanda tun a shekarun 1970 Lee Dreyfus, da ya zama gwamnan jihar, ya yi wa ba'a da cewa wani ɗan fili ne da rayuwar zahiri ta kewaye shi.

Batun ɗorewa kuma yana da alaƙa da kuɗin gwamnati fiye da yadda masu yabon kamfanoni ke so a faɗa. Filayen jami'a da na ma'aikatun jiha ba sa biyan harajin kadara, wanda shi ne babbar hanyar samun kuɗin birni, kuma abin da jiha ke biya a madadinsa bai kai kuɗin hidimar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ake yi musu ba. A Nuwamban 2024 sai da masu zaɓe suka amince da ƙarin harajin kadara na dala miliyan 22 kafin birnin ya cike giɓin kasafinsa. Jami'ar ma kason da take samu daga jiha ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 na kasafinta, a 2015 an zabtare dala miliyan 250 daga kuɗin jami'o'in jihar, kuma an hana ƙara kuɗin makarantar 'yan jiha daga 2013 har tsawon shekara goma. Ta cike giɓin ne da ƙarin ɗalibai daga wasu jihohi da ƙasashen waje, masu biyan ninki uku ko fiye, su kuma suka ƙara matsa kasuwar haya. A Fabrairun 2025 hukumar binciken lafiya ta tarayya ta sanar da rage kason da take ba jami'o'i na kula da ɗakunan gwaje-gwaje zuwa kashi 15 cikin 100, kotu ta dakatar da matakin, amma ya nuna cewa shawara guda daga Washington tana iya taɓa albashin dubban mutane a Madison. Tallafin WARF na shekara, duk da girmansa, ƙaramin kaso ne kawai na abin da jami'ar ke kashewa a bincike.